Idan Yaro Yana So Ya Shiga Kulob Ɗin Ƙwallo: Shawara Ga Iyaye

A zagayen da muke yi cikin ƙauyuka saboda aikin rijiyoyi da bankin hatsi da ƙungiyoyin adashe, akwai wata tambaya da iyaye suke yawan kawo mana bayan an tashi daga taro. Uba ko uwa za su jawo mu gefe su ce, “Yaron nan nawa ba shi da magana sai ƙwallo. Wani koci a birni ya ce a kawo shi kulob ɗinsu. Mu bar shi ya tafi ne, ko mu hana?” Tun da yake tambayar ta yi yawa, mun ga ya kamata mu amsa ta a wannan shafi domin kowa ya amfana.

Amsarmu ita ce, ƙwallo ba laifi ba ne, baiwa ce kamar sauran baye-baye. Amma kada a tura yaro sai an bincika, kada ya bar makaranta saboda ƙwallo, kada kuma a sayar da abin da iyali ke ci a kansa domin alkawarin da wani ya yi da baki.

Bambancin ƙwallon gida da na kulob

Ƙwallon da yaranmu suke bugawa a filin firamare da yamma, ko gasar da zumuntar matasa takan shirya lokacin Kirsimati, wasa ne na motsa jiki da zumunci. Wanda ya zo ya buga, wanda aikin gona ya riƙe shi ba wanda zai tuhume shi.

Kulob mai shiga gasa, ko makarantar horar da 'yan ƙwallo wadda ake kira akadami, wani abu ne dabam. Da farko akan yi wa yara gwaji, a ɗauki kaɗan a sallami sauran. Akan raba su bisa ga shekaru, kamar 'yan ƙasa da shekara 13, da 15, da 17. Akan yi horo sau da yawa a mako, da damina da rani. Akan yi tafiya zuwa wasu garuruwa domin wasa. Yaron da aka ɗauka bana ana iya ajiye shi baɗi idan an sami wanda ya fi shi. Ya kamata yaro ya san wannan tun kafin ya sa ƙafa, domin kada zuciyarsa ta karye.

Hanyar gaskiya tana nan

Ba mu ce ba a cin nasara ba. Mikel Obi, wanda aka haifa a Jos a 1987, ya fara ne daga makarantar ƙwallo ta Pepsi, ya buga wa Plateau United, ya wuce ƙasar Norway, sa'an nan ya shiga Chelsea ta Ingila a 2006. Ahmed Musa shi ma haifaffen Jos ne, a 1992. Ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa ta 2010, kafin ya tafi ƙasar Holan. Ku lura da abu guda: dukansu biyu sun bi mataki mataki ne, sun yi suna a gida kafin a neme su a waje.

Amma mu riƙa tunawa cewa mutum goma sha ɗaya ne kawai suke shiga fili a kowane gefe. A cikin tarin yaran da suka yi horo tare da waɗannan biyu, mafi yawansu yau suna wata sana'a ne. Wanda ya riƙe karatunsa ko aikin hannunsa bai yi hasara ba. Wanda ya saki kome saboda ƙwallo shi ne abin tausayi.

Ku yi lissafi tukuna

Ubangijinmu ya koyar a cikin Luka sura 14 cewa mai niyyar gini ya kamata ya zauna ya lissafta abin da aikin zai ci kafin ya fara. Haka yake a nan. Akwai kuɗin fom da na rajista, akwai takalmin ƙwallo wanda yaro mai girma yakan fi ƙarfinsa cikin ɗan lokaci, akwai riga da safa, da kuɗin mota zuwa horo, da abinci, gama yaro mai gudu a fili yana ci fiye da na zaune. Idan zai zauna a birni, akwai masauki. Idan ya ji rauni, akwai asibiti. Banda kuɗi, gida zai rasa hannu ɗaya a lokacin shuka da noma da girbi. Uba da uwa su zauna tare su duba ko za su iya ɗaukar wannan kaya shekara uku ko huɗu ba tare da an taɓa kuɗin makarantar ƙannensa ba.

Tambayoyi bakwai kafin ku yarda

Kada ku tura yaro shi kaɗai. Uba ko kawu ya tafi da ƙafarsa, in da hali tare da wani dattijon ikkilisiya ko malamin makaranta, a ga wurin da ido, a kuma yi waɗannan tambayoyi.

1. Kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha? A nuna muku takarda, sa'an nan ku je ofishin hukumar ku tabbatar.
2. Za a yi wa yaron rajista da sunansa da ainihin ranar haihuwarsa?
3. Yaushe ake horo, kuma yaya zai riƙa zuwa makaranta da rubuta jarrabawa?
4. A ina zai kwana, su nawa ne a ɗaki, wane babba ne yake kula da su da dare?
5. Idan ya karye ko ya yi targaɗe a fili, wa zai biya magani?
6. Akan yi wasa ran Lahadi? In haka ne, za a ba shi zarafin zuwa sujada?
7. Za ku iya ba mu iyayen wasu yara biyu ko uku mu yi magana da su?

Kocin kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya fara ɓata rai, ko ya ce ku yi sauri domin gurbi zai cika yau, ku yi hankali da shi. Idan 'yarku ce take so ta buga, gama 'yan mata ma suna da kulob nasu, ku ƙara da tambayar ko akwai mace babba da take tare da su a wurin horo da wurin kwana da kan hanya. In babu, kada ku yarda.

Kada a rage shekaru

Wasu za su ba ku shawara a yi wa yaro sabuwar takardar haihuwa a rage masa shekara uku ko huɗu domin ya shiga cikin ƙanana. Wannan ƙarya ce, bai kuwa dace da gidan mai bi ba. Banda haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun daga 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, hukumar ƙwallon duniya, wato FIFA, ta fara amfani da na'urar asibiti mai suna MRI wadda take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Ƙashin yaro yana da wani wuri da bai gama haɗewa ba sai ya girma, hoton kuwa yana nuna wannan. A 2016 yara 26 na ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17 sun faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Nijar, aka cire su, Nijar kuma ta fitar da mu daga gasar. Ku karɓa wa yaranku takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun suna ƙanana, ku adana ta da kyau.

Hattara da dillalan ƙarya

Wannan shi ne abin da ya fi damunmu. A wani ƙauye da muke aiki, wani mutum ya zo da mota da hotuna a wayarsa, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, zai kai yaro gwaji Turai in an biya kuɗin fasfo da biza da jirgi. Uban ya sayar da shanun nomansa biyu, uwar ta ƙara da kuɗin adashenta. Aka kai yaron Legas, ya yi watanni a ɗaki ɗaya da wasu yara, daga baya lambar mutumin ta daina shiga. Ikkilisiya ce ta tara kuɗin motar da ya dawo gida. A daminar nan iyalin da fartanya suka yi noma, yaron kuma ya rasa shekara guda ta makaranta.

Akwai abubuwa biyu da za su tsare ku daga irin wannan. Na fari, dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin ya buga wa kulob, sai a wasu 'yan dalilai kaɗan, misali idan iyayensa ne suka ƙaura can saboda wani dalili wanda ba ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin aka yarda ya buga wasa a Holan. To, wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai, ko dai yana ruɗinku ne, ko kuwa zai bi da shi ta ɓarauniyar hanya. A 2015 an sami labarin yara 'yan Afirka ta Yamma fiye da ashirin da aka kai ƙasar Laos a nahiyar Asiya da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare da kwana a ƙasa cikin filin wasa.

Na biyu, ku san inda kulob na gaskiya yake samun ribarsa. Bisa ga dokar FIFA, idan aka sayi ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, akan ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shi ya sa makarantar kirki takan damu da yi wa yaro rajista daidai, ta kuma yi haƙuri har ya girma. Kulob ɗin waje da yake son ɗan wasa da gaske yakan aiko da takardar gayyata, shi ne kuma yakan ɗauki nauyin tafiya. Wanda ya ce sai kun sayar da gona ko saniya, cinikin biri a sama yake so ku yi. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ita da harshen da kuke ji ba, kada kuma ku ba kowa ainihin takardar haihuwar yaro ko fasfonsa ya riƙe. Idan kun ga alamar safarar yara, ku sanar da fasto da dagaci, a kai maganar wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda gwamnati ta kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Yaro ba na mutum ɗaya ba ne. Muna roƙon majalisar kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu ilimi waɗanda iyaye za su riƙa kai wa irin waɗannan takardu su duba. Zumuntar matasa ta ci gaba da shirya gasa tsakanin majami'u, a gayyaci malaman wasanni na makarantun sakandare su zo su gani, domin ta wasannin makaranta da na ƙaramar hukuma ne ake fara sanin yaro mai baiwa ba tare da an biya kowa ba. Idan yaro ya sami shiga kulob a birni, fasto ya rubuta wasiƙa zuwa ga ikkilisiyar da take kusa da masaukinsa domin a riƙa sa masa ido.

Ku kuma matasa, ga tamu shawara. Ku yi horo da himma, ku guji ƙwaya da giya da cacar ƙwallo, ku riƙe littafinku kamar yadda kuka riƙe takalminku. Ƙafa takan gaji, rauni ɗaya yana iya tsayar da ɗan wasa, amma abin da yake cikin kai yana tare da mutum har tsufa.

Wanda yake da takarda ko tayin da bai gane ba, ya ajiye shi har ranar da za mu zo taron wata a yankinku, ko ya aiko ta hannun mai bishara, mu duba tare kafin a biya ko da naira ɗaya. Allah ya ba mu hikimar renon yaran da ya danƙa a hannunmu. Amin.