Wa Ya Fi Kasada, Namiji Ko Mace?

Mun saba jin ana cewa namiji shi ne mai ƙarfin zuciya, mace kuwa tsoro gare ta. To, masu ilmi sun ɗora maganan nan a kan ma'auni, ga kuwa abin da suka samu.

A 2001 waɗansu malaman jami'a biyu a Amurka, Barber da Odean, suka buga sakamakon binciken da suka yi cikin lissafin gidaje wajen 35,000 masu cinikin hannun jari, daga 1991 zuwa 1997. Suka tarar maza sun fi mata yawan saye da sayarwa da kashi 45 cikin ɗari. Amma yawan juye-juyen nan ya rage wa maza riba da kashi 2.65 cikin ɗari kowace shekara, mata kuwa 1.72 kaɗai. Dalili, kowane namiji gani ya ke ya fi kowa sanin kasuwa.

Sai dai kada mu yi hanzarin cewa halitta ce. A 2009 Gneezy, Leonard da List suka ba da labarin gwajin da suka yi wa ƙabilu biyu: Masai na Tanzaniya, inda maza ke da iko, da Khasi na Indiya, inda 'yar auta ke cin gado. Aka ba kowa ƙwallo ya jefa cikin bokiti sau goma, ya kuma zaɓa: ko a biya shi lada kaɗan tabbatacce bisa kowace jifa da ta shiga, ko ya yi gasa da wani, in ya ci a ninka masa uku, in an kā da shi ya tashi hannu wofi. Cikin Masai rabin maza suka zaɓi gasa, mata wajen rubu'i. Cikin Khasi sai abin ya juye, fiye da rabin mata suka shiga, suka ɗara mazansu.

Ashe reno na da babban hannu a ciki. Hali ma haka, gama ko ɗaki ɗaya aka haifi yara, akwai mai garaje, akwai mai tsai da hankali.

Saboda haka muna jawo hankalin malamai, ku dubi halin kowane yaro shi kaɗai. Yarinyar da ta san amsa amma ta ƙi ɗaga hannu, a ƙarfafa mata zuciya. Yaro mai faɗawa kafin ya duba, a koya masa bambancin jaruntaka da ganganci. Allah ya sa mu dace, amin.