Ga Zaƙi Ga Harbi: Bashin da Sukari Ke Bin Jiki Bayan Shekaru

Tun kafin kasuwa ta ci, teburin mai shayi ya cika. Ana fasa ƙwai, ana yanka burodi, buta na tururi a kan wuta. Duk wanda ya zuba ido a hannun mai haɗawa zai ga cokali ya shiga robar sukari sau uku ko huɗu a kofi guda, kuma kowane cokali da tozonsa. Idan rana ta take, sai a nemi lemon kwalba mai sanyi ko zoɓon leda. Da la'asar a dama fura, ita ma a zuba mata. A Yamai da Damagaram da Agadas kuwa, 'yar butar shayi na kan gawayi tun hantsi, ana zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin.

Wannan ba ranar biki ba ce, ba ta suna ba. Haka jiya ta kasance, haka gobe za ta kasance, kuma a nan gizo ke saƙar. Zaƙin rana ɗaya bai taɓa kwantar da mai lafiya ba. Abin da likitoci ke tsoro shi ne wanda ake sha kullum, shekara ashirin ko talatin, ba tare da an taɓa ƙirga shi ba.

Cokali nawa ne ƙa'ida?

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni: kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, wannan kusan giram 50 ke nan, wato shafaffen cokalin shayi 12. Hukumar ta ce in an iya saukowa zuwa giram 25, cokali 6, ya fi alheri. Lissafin ya haɗa da sukarin da kamfani ya zuba, da wanda uwargida ta zuba, da zuma, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Bai haɗa da zaƙin da ke cikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ba, ko wanda ke cikin nono tun daga hantsar saniya.

Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100. Robar rabin lita guda ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a yi maganar shayin safe ba.

Kakanninmu ba su san sukari ta wannan fuska ba. Zaƙinsu rake ne da zuma da dabino da mazarƙwaila, irin wadda ake dafawa a ƙasar Maƙarfi. Alkaki da nakiya da dublan kayan gara ne, sai an yi amarya. Mai shan rake kuma sai ya fere, ya tauna, ya tofar. Muƙamuƙi na gajiya kafin ciki ya cika. Ga shi kuma suna ɗari-ɗari da zaƙi: tsofaffi kan hana mai ciki yawan shansa, su ɗora masa laifin basir da ɗankanoma. Likitancin zamani bai yarda da dukkan dalilansu ba, amma taka-tsantsan ɗin nasu yana kan hanya.

Tafiyar sukari a cikin jiki

Farin sukari sinadarai biyu ne a haɗe, gulukos da furuktos, kuma da ya isa hanji sai su rabu. Gulukos ya shiga jini. Wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi ne ɗan aiken da ke ƙwanƙwasa ƙofar tsoka da sauran sassan jiki don su karɓi gulukos su yi aiki da shi. Shi kuwa furuktos, hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa.

Idan mangwaro ko gwaba mutum ya ci, harzar da ke ciki tana riƙe zaƙin, ya riƙa shiga jini sannu a hankali. Idan kuwa a ruwa ya zo, cikin 'yan mintuna ya kwararo kamar ambaliya. Hanta ta yi abin da za ta iya, ragowar ta mayar da shi kitse; wani ya zauna a cikinta, wani ya shiga jini, wani ya taru a teɓa. Ƙari a kan haka, abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin tauna. Wanda ya sha kwalba biyu zai ci tuwonsa daidai yadda ya saba, kuzarin kwalaben ya zama rara.

Kitsen hanta da na ciki su ne ke sa sassan jiki su fara yi wa insulin kunnen uwar shegu. Fankiriyas ta ƙara ƙaimi, ta ninka abin da take fitarwa, ta yi ta fama shekara da shekaru. Duk wannan lokacin mutum na harkokinsa, babu ciwon kai, babu zazzaɓi. Ranar da fankiriyas ta gaji, sukari ya taru a jini, sai alamu su bayyana: ƙishirwa ba iyaka, tashi fitsari cikin dare, rama babu dalili, gyambon da ya ƙi warkewa, kiyashi na taruwa inda aka yi fitsari. Sukarin da ya daɗe a jini yana cin ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa ƙarshensa kan zama makanta, ko wankin ƙoda, ko yanke ƙafa, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki.

Adalci ne a faɗi cewa ciwon sukari iri-iri ne. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, garkuwar jiki ce ke lalata fankiriyas, babu ruwansa da alewar da yaro ya sha. Nau'i na biyu, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, yana da iyaye da yawa: gado, ƙiba, shekaru, rashin motsa jiki, da yawan farar shinkafa da farin burodi. Bai dace a ce wa majinyaci shi ya jawo wa kansa ba. Sai dai a cikin waɗannan dalilai, abin sha mai zaƙi na daga cikin waɗanda suka fi sauƙin cirewa.

Alƙaluma sun nuna hakan. A 2010 masana a Jami'ar Harvard suka tattara bincike a kan mutum fiye da 300,000, suka ga masu shan lemon kwalba sau ɗaya zuwa biyu a yini sun fi masu shansa jefi-jefi haɗarin kamuwa da nau'i na biyu da kashi 26 cikin 100. A 2014 wani binciken a Amurka ya nuna waɗanda sukari ya kai rubu'in kuzarin abincinsu sun kusa ninka haɗarin mutuwa da ciwon zuciya sau uku, in aka gwada su da masu bin ƙa'ida. Haƙori kuwa shi ne farkon shaida: ƙwayoyin cuta na baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya ƙwaƙule haƙori.

Darasin Ingila

Hujja mafi ratsa zuciya ta fito ne daga tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade sukarin da kowa zai saya, kuma dokar ta ci gaba har watan Satumba na 1953. Kafin a ɗage ta, baligi na shan kusan giram 40 a yini. Da aka ɗage, abin ya tashi zuwa kusan 80. Sai ya zama akwai jariran da aka yi cikinsu aka yaye su a zamanin ƙarancin sukari, ga kuma ƙannensu da suka zo a zamanin yalwa, ƙasa ɗaya, tazarar shekara ɗaya ko biyu.

A 2024 mujallar Science ta wallafa binciken da ya bi sawun kusan mutum 60,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 1956. Waɗanda suka yi kwanakinsu 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cika shekara biyu, a ƙarƙashin ƙayyadewar, haɗarin ciwon sukari ya ragu gare su da kusan kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kusan kashi 20. Waɗanda ciwon sukarin ya kama ma, ya yi jinkirin kusan shekara huɗu. Kusan sulusin wannan kariya tun a ciki aka same ta, daga abin da uwa ta ci. Abin da aka sa wa jinjiri a baki a 1953 ya biyo shi har ya yi furfura.

An daɗe da yin wannan gargaɗi, amma an danne shi. A 1972 wani farfesan abinci a Landan, John Yudkin, ya rubuta littafi sukutum yana zargin sukari da hannu a ciwon zuciya, aka yi masa ca, aka mayar da shi saniyar ware. Sai a 2016 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono tsofaffin wasiƙu da ke nuna wata gidauniyar masu sana'ar sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Harvard kuɗi, suka wallafa nazari a 1967 wanda ya sassauta wa sukari ya jibga wa kitse laifin. Shekaru da dama duniya na gudun mai, kamfanoni na cire shi daga abinci suna cike gurbin da zaƙi.

Halin da muke ciki

Ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, miliyan 3.6 a Najeriya. Abin tashin hankalin shi ne fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Da yawa sai ƙafa ta ruɓe ko ido ya dushe ake kai su asibiti, a lokacin da kuɗin insulin da na wankin ƙoda ke iya cinye gona da gida.

Ƙasashe sun gwada sa wa lemon kwalba haraji. Meziko ta sa nata a 2014, sayen lemon kwalba ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko. Birtaniya ta sa nata a 2018 gwargwadon yawan sukarin da ke cikin kwalba, kamfanoni da yawa suka rage zaƙin don su kauce wa biya. Najeriya ta sa Naira 10 a kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga tasiri sosai, kuma tsadar rayuwa ta riga ta shanye Naira goman nan. Ya kamata gwamnati ta sake duba harajin, ta kuma zuba abin da aka tara a gwajin sukari kyauta a ƙananan asibitoci.

Amma babban aikin yana madafa da teburin mai shayi. Mai cokali huɗu ya koma uku, bayan mako biyu ya koma biyu. Harshe na sabawa, har ya zo yana jin tsohon haɗin ya yi masa yawa. Ƙishirwa ruwa take so. Zoɓon da ya ji citta da kanumfari ba ya buƙatar gwangwanin sukari. Lemon zaƙi a sha shi da tsokarsa ya fi a matse. Da azumi, dabino da ruwa da kunu mai sauƙin zaƙi sun fi wa jiki alheri a kan jere kwalabe a buɗa-baki. Zuma tana da darajarta a wurinmu, amma mai ciwon sukari ya sani tana ɗaga sukarin jini, kuma likitoci sun hana ba wa jaririn da bai cika shekara ba. Wanda ya haura arba'in, ko yake da mai ciwon a danginsa, ko teɓa ta fito masa, ya je a gwada jininsa ko da yana jin garau. Wanda kuma ke kan insulin ko ƙwayoyi kada ya bar magani, kuma ya riƙa yawo da ɗan abin zaƙi, domin idan sukarinsa ya faɗi shi ne cetonsa.

Mafi girman amana ita ce ta yara. Likitocin yara sun ce kada a ƙara wa ɗan ƙasa da shekara biyu sukari ko kaɗan. Jinjirin da ake yaye bai san ana sa wa koko sukari ba sai ranar da aka sa masa, kuma daga ranar ba zai yarda da lami ba. Uwar da ke ɗura wa ɗanta lemon kwalba don ya yi shiru, da kawun da ke zuwa da aljihu cike da alewa, ƙauna ce ta sa su, babu mai musu. A nuna ƙaunar da ayaba, da gwanda, da ƙwai, da gyaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jariran Ingila sun nuna mana cewa cokalin da uwa ta hana ɗanta yau, shi zai ci moriyarsa ranar da ya zama kaka.