ZAƁEN RABON JUYI NA AKSIL DON DOGUWAR TAFIYA A MOTAR DA AKA YI WA KWASKWARIMA

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta ɗaukar tsohuwar mota a sake mata injin, a sake mata akwatin giya da tayoyi, har ta zama wata aba dabam da wadda kamfani ya ƙera. Sau da yawa mai irin wannan mota yakan kashe dukiya mai yawa a kan injin, amma ranar da ya fara hawa babbar hanya sai ya ji injin yana kururuwa, mai yana zurarewa, ruwan lagireto yana neman tafasa. Galibi laifin yana can baya, cikin wani ƙullin ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu aikin wannan ƙulli, sa'an nan a nuna cewa zaɓen haƙoran da za a sa a cikinsa lissafi ne wanda kowa zai iya yi, muddin ya san inda zai fara. Maganar ta shafi motoci masu ja da baya ne, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Ma'anar Rabon Juyi

Ƙarfin injin yana bi ta akwatin giya ya shiga farfela, wato doguwar sandar nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ita kuma ta kai shi ga aksil na baya. A tsakiyar aksil ɗin akwai na'urar da ake kira difarenshiyal, wadda ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan an zo shan kwana. Kafin ƙarfi ya isa wannan na'ura sai ya bi ta wasu ƙarafa biyu masu haƙora: ƙarami, wato finiyo, wanda farfela ke juyawa, da kuma babban faifai wanda finiyo ke turawa. Idan aka raba yawan haƙoran faifai da yawan haƙoran finiyo, abin da aka samu shi ne muke kira rabon juyi a nan. Alal misali, faifai mai haƙora 37 da finiyo mai 10 suna ba da 3.70, ma'ana sai farfela ta juya sau uku da kashi bakwai cikin goma kafin taya ta juya sau ɗaya.

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san sirrin abin. A giya mai laushi ƙafa tana juyawa da sauri, hawan tudu ya yi sauƙi, amma tafiya ba ta nisa. A giya mai tauri kuwa kowane taki yana cin ƙasa da yawa, sai dai tashi daga tsaye ya zama aiki. Haka yake a mota. Babban adadi kamar 4.11 yana ninka ƙarfin murɗa, mota ta zabura da wuri, amma injin zai yi ta gudu a kan hanya. Ƙaramin adadi kamar 3.00 yana kwantar da injin, amma yana rage zabura.

Yadda Matsalar ta Samo Asali

A 1956 aka kafa dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka, tafiyar awoyi da gudu ɗaya ta zama ruwan dare. Akwatunan giya na wancan zamani, masu lamba uku ko huɗu, mafi yawansu a lambar ƙarshe farfela tana juyawa daidai da injin, ɗaya bisa ɗaya. Saboda haka nauyin zaɓe duka yana kan aksil. Masu kwaskwarima sun fi son aksil ɗin Ford mai faifan inci tara, wanda kamfanin ya yi ta sawa a motocinsa daga 1957 zuwa 1986, domin ana iya zare cikinsa gaba ɗaya a sa wani, kuma ana samunsa da rabo iri-iri, kamar 3.00 da 3.25 da 3.50 da 3.70 da 3.89 da 4.11. Duk da haka dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko zabura ko kwanciyar hankali, tun da ba a gudu ana susar takashi.

Tsadar mai ta 1973 da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, wadda ta fara aiki a 1974 aka soke ta a 1995, sun karkatar da hankalin kamfanoni ga tsimin mai. Sai aka yawaita ƙera akwatuna masu giyar hutu, wato lambar ƙarshe wadda a cikinta injin ke juyawa ƙasa da farfela. Ford ya fito da akwatinsa AOD a 1980 da giyar hutu ta 0.67, General Motors kuma ya fito da 700R4 a 1982 da 0.70. Wannan ya sake lissafin baki ɗaya, kamar yadda za mu gani.

Lissafin Kansa

Abubuwa huɗu ne ke yanke yawan juyin injin a kan hanya: gudun mota, girman taya, lambar ƙarshe ta akwatin giya, da rabon juyi na aksil. Mu ɗauki taya mai tsayin inci 26, wato santimita 66. Kewayenta ya kai mita 2.07. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 1,667 a minti ɗaya, don haka tayarta tana juyawa kimanin sau 800 a minti. A ninka 800 da rabon aksil, a sake ninkawa da lambar ƙarshe, sai a sami juyin injin a minti:

Aksil 4.11: juyi 3,290 ba giyar hutu, 2,300 da giyar hutu ta 0.70.
Aksil 3.70: juyi 2,960 ba giyar hutu, 2,070 da ita.
Aksil 3.50: juyi 2,800 ba giyar hutu, 1,960 da ita.
Aksil 3.00: juyi 2,400 ba giyar hutu, 1,680 da ita.

Mai karatu zai lura cewa 4.11 da giyar hutu ya fi 3.00 maras giyar hutu kwantar da injin. Ashe ke nan tambayar wane rabo ne ya fi kyau ba ta da amsa sai an san akwatin da tayar da za su yi aiki tare da shi.

Hanyar da ta dace ita ce a faro daga ƙarshe a dawo baya. Da farko mutum ya tsai da gudun da ya saba yi a doguwar tafiya. Na biyu ya san yawan juyin da injinsa ke jin daɗin aiki a kansa. A ce yana son juyi 2,200 a gudun kilomita 100. Sai ya raba 2,200 da 800, ya sami 2.75. Idan akwatinsa ba shi da giyar hutu, rabon da zai nema ke nan, ko mafi kusa da shi. Idan kuwa yana da giyar hutu ta 0.70, sai ya sake raba 2.75 da 0.70, ya sami 3.93, wanda mafi kusa da shi a jerin da aka ambata a baya shi ne 3.89.

Bayan haka sai a duba lamba ɗaya, don a tabbata motar za ta iya tashi da kaya ko a kan tudu. Tsohon akwatin TH350 lambarsa ta ɗaya 2.52 ce, idan aka haɗa shi da aksil 4.11 ninkin ya zama 10.4. Shi kuwa 700R4 lambarsa ta ɗaya 3.06 ce, da aksil 3.50 kawai ninkin ya kai 10.7. Wato mota ta biyu ta ɗan fi ta farko zabura, alhali a kan hanya injinta yana juyi 1,960, na waccan kuwa 3,290. Wannan ne dalilin da ya sa sau da yawa sake akwatin giya ya fi sake aksil riba.

Haɗarin Wuce Gona da Iri

Kada mai karatu ya zaci cewa duk yadda aka rage juyin injin riba ce. Kowane injin yana da iyakar da in ya sauka ƙasa da ita ƙarfinsa ya kan dushe. Iska kuma ba ta sassauci, domin ƙarfin da ake bukata don keta ta yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau uku a kan kansa; daga kilomita 100 zuwa 120 ya ƙaru da kusan kashi 73 cikin ɗari. Idan rabo ya yi ƙanƙanta ainun, direba zai yi ta danna totur don ya riƙe gudunsa, injin ya riƙa kakkarwa, man da ake son a tsimi ya tafi a banza. A akwati mai sake giya da kansa, sai ya riƙa hawa da sauka a kowane ɗan tudu, mansa ya yi zafi. Mafi muni kuma shi ne lokacin wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu, inda jinkirin daƙiƙa kaɗan ke iya jawo asarar rai.

Abin ya fi tsanani a injin da aka sa wa kamshaf na tsere, domin irin wannan ba ya sakin ƙarfinsa sai juyi ya yi sama. Babban injin mai silinda takwas wanda ba a taɓa cikinsa ba zai iya tafiya lafiya a juyi 1,800, amma ƙaramin injin fetur mai silinda huɗu a mota mai nauyi yakan bukaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Injin dizal kuwa ƙasa yake so, don haka wanda ya cire na fetur ya sa na dizal ya bar aksil yadda yake, zai tarar mota ta ƙure gudu da wuri.

Abubuwan da Akan Manta

Sake taya sake rabo ne. Wanda ya bar taya mai inci 26 ya koma mai 28, aksil ɗinsa na 3.70 zai yi aiki tamkar 3.44. Haka nan maleji, a motocin da yake karɓar awo daga akwatin giya, zai fara ƙarya da zarar an sake aksil. Wanda ya sauka daga 4.11 zuwa 3.50, idan yana gudun kilomita 100 allurar za ta nuna masa 85, sai an gyara ta. Giyar hutu kuma injin kaɗai take hutarwa. Farfela tana nan tana juyi 3,290 a aksil 4.11, kuma doguwar farfela tana da iyakar da in ta wuce za ta fara girgiza. A mota mai ja da tayoyi huɗu wajibi ne rabon gaba da na baya su dace da juna. Faifai da finiyo kuwa tare ake ƙera su, tare ake sake su, kuma sai ƙwararren bakanike ya daidaita tazarar haƙoransu, in ba haka ba za su yi ta kuka har su cinye juna.

Wanda bai san rabon motarsa ba yana iya gane shi ba tare da kwance komai ba. A difarenshiyal na yau da kullum, a ɗaga taya ɗaya ta baya, a sa giya a furi, a yi alama da alli a jikin farfela, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Abin da aka ƙirga shi ne rabon.

Kammalawa

Mun ga cewa rabon juyi ba ya ƙara wa injin ƙarfi, yana dai raba ƙarfin ne tsakanin zabura da nisan zango. Mun kuma ga cewa adadin da ya yi wa motar wani daidai yana iya zama ɓarna a motar wani, tun da taya da akwati da injin sun bambanta. Saboda haka kafin a je kasuwa, a auna taya, a san lambar ƙarshe da ta farko, a tsai da gudun tafiya, sa'an nan a ɗauki alƙalami. Lissafin minti biyar ne, ga shi kuwa rigakafi ya fi magani.