Lee Chong Wei: Gwanin Da Zinariya Ta Ƙi

Jama'a, wasan badmintan shi ne wanda ake buga 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu ta bisa raga. A ƙasar Maleshiya kuwa ba a ɗauke shi abin raha ba, gama can ne aka haifi Lee Chong Wei a 1982.

Wannan taliki ya yi mako 349 yana riƙe da matsayi na ɗaya a duniya, ya kuma ci babbar gasar Ingila sau huɗu. Amma abin da ƙasarsa ta fi nema, watau lambar zinariya ta Olimfik, wadda har gasar Faris ta 2024 ba ta taɓa samu ba, ita ce ta gagare shi.

A Beijin, 2008, Lin Dan na ƙasar Sin ya lallasa shi 21-12 da 21-8. Wannan babu ta cewa, an fi shi. Ta Landan, 2012, ita ce mai ciwo: ya ci zagayen fari, Lin Dan ya rama, sa'an nan na uku ya kuɓuce masa 21-19. Maki biyu tak! A Riyo, 2016, ya kā da Lin Dan kafin wasan ƙarshe, mutanensa har sun fara murna, sai ga Chen Long, shi ma ɗan Sin, ya tare hanya. Azurfa ta uku ke nan.

Ya so ya sāke gwadawa a Tokiyo, amma a 2018 likitoci suka gano ciwon daji a hancinsa. Ya yi jinya a Taiwan, ya bar wasa a watan Yuni 2019.