Yadda Ake Rage Nauyin Taswirar Leza

'Yan uwa ɗalibai, ko kun san ana auna tudu da kwari da haske? Ana ɗora wa jirgin sama wata na'ura mai suna LiDAR. Tana harba hasken leza ƙasa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, hasken ya bugi dutse ko rufin gida ya dawo. Da yake haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisa. Kowane wurin da ya buga sai ya zama ɗigo ɗaya a kwamfuta. Da haka ƙasar Holan, wadda kusan kwata ɗinta na ƙasa da tsayin teku, ta auna faɗin ƙasarta kaf, domin ta san inda ruwa zai bi.

Matsalar ita ce ɗigogin sun yi yawa. Mun zauna mun yi lissafi. A wani tsarin fayil da ake kira LAS, ɗigo ɗaya na cin bait 28. In akwai ɗigo 10 a kowane murabba'in mita, murabba'in kilomita ɗaya zai ci megabait 280. To ina ga ƙasa guda?

Wani Bajamushe, Martin Isenburg, ya ƙirƙiro LASzip, mai matse fayil ɗin ya koma LAZ. Dabarar ta burge mu. Ɗigogin da ke maƙwabtaka kusan tsayinsu ɗaya ne. A ce an samu mita 412.35, sai 412.37, sai 412.36. Maimakon a rubuta duka, sai a rubuta na farko, sannan "ƙara 2", "rage 1". Ƙananan lambobi ba sa cin wuri. Fayil ɗin yakan koma kashi 7 zuwa 25 cikin ɗari na girmansa, kuma in an buɗe shi komai zai dawo daidai, ko ɗigo ɗaya bai ɓata ba.

Akwai wata hanyar kuma, wato a zubar da wasu ɗigogin. Ita dai ba ta kwanta mana ba. A fili shimfiɗaɗɗe babu laifi, amma in aka zubar da na bakin ƙaramar kwata, kwatar za ta ɓace daga taswira, mai hasashen ambaliya kuma ya ɗauka babu inda ruwa zai bi a wurin.