Jan Fenti a Bayan Taya: Abubuwan Mamaki Game da Birki

Duk wanda ya tsaya a danja ya hango wani jan abu yana leƙowa ta tsakanin ƙafafun wilin motar da ke gefensa, to kalifa ya gani, wato awartakin ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki ya tsayar da taya. Matasa da yawa yanzu da hannunsu suke yi masa fenti a ƙofar gida: gwangwani ɗaya, buroshin waya, da yinin Asabar. Aikin ƙarami ne a ido, amma akwai labarai a bayansa.

Mu fara da zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka taka mata birki har ta tsaya cak, zafin da ke fita ya isa ya kai kusan lita 2 na ruwa ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙu. Birkin gaba ne ke shan mafi yawansa. Shi ya sa ragowar fentin ƙofa ko na taga ba ya zama a nan: zai dafe, ya tsattsage, ya zube. Fentin kalifa na musamman, irin na kamfanin VHT, an yi shi ya jure zafin da ya kai digiri 480 a ma'aunin Selshiyas. A motocin tseren Formula 1 kuwa faifan kan kai digiri 1,000, ya yi jawur kamar ƙarfe a maƙera.

Jan launi ba ya ƙara wa birki ko ƙwayar zarra ta ƙarfi. Kamfanin Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961 kusa da garin Bergamo, shi ya fi shahara da jan kalifa, har mutane suka ɗauka launin ne ke aikin. Abin da ke tsayar da mota shi ne fad ɗin da ke goga faifai, da faifan kansa, da man birki, da lafiyar taya.

A gidan Porsche dai launi magana ce. Ja na nuna mota mai zafin gudu, rawaya na nuna faifan yumɓun zamani mai tsadar gaske, kore mai haske na motar da ke haɗa fetur da lantarki, fari kuma na faifan da aka lulluɓe da wani ƙarfe mai tauri don ya rage ƙura. Wanda ya san motar, daga launin yake karanta irin birkin da ke ƙarƙashinta.

Ana yawan cewa baƙin fenti ya fi fitar da zafi. A ƙarƙashin rana baƙi ya fi fari ɗaukar zafi, wannan gaskiya ne. Amma wajen sakin zafin da ƙarfe ya riga ya ɗauka, fenti baƙi da fari da ja kusan ɗaya suke. Abin kiyayewa shi ne kauri: shafe uku marasa kauri sun fi ɗaya mai danƙo, wanda zai dalala, ya ƙi bushewa ta ciki.

Akwai kuma fentin da ba don ado ake yinsa ba. Makanikan tsere kan ɗiga kore da ruwan lemo da ja a bakin faifai. Kowanne yana da iyakar zafin da in aka wuce ta sai ya koma fari. Mota na dawowa daga fili, kallo ɗaya ya ishe su sanin inda zafin ya kai.

Babban maƙiyin fentin kalifa yana cikin kalifan kansa. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana cin fenti. Ɗigo ɗaya a jikin mota, in aka bar shi, zai bar tabo. Ga shi kuma yana zuƙar laima daga iska, shi ya sa gorar da aka buɗe aka ajiye ta daɗe ba ta da amfani. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma da ruwa ya shige shi sai wannan iyaka ta faɗo ƙasa sosai, birki ya yi laushi a gangara. DOT 5 na silikon ba ya cin fenti, sai dai ba a gauraya shi da sauran.

Wata al'ada da nake roƙon a bari: wanke kalifa da fetur ko kananzir. Robar da ke rufe fistin ba ta shiri da man fetur, kumbura take yi ta lalace, kuma ba a ranar za a gani ba. Akwai ruwan wanke birki na gwangwani da aka yi don wannan. Shi ma wani nau'insa mai sinadarin kulorin yana da nasa haɗari: in ya haɗu da wutar walda ko ƙarfen da ya yi jawur don zafi yana iya rikiɗewa ya zama iskar fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kada a fesa shi kusa da mai walda.

Baƙar ƙurar nan da ke ɓata wili, akasarinta garin ƙarfen faifai ne da na fad. A tsofaffin motoci ana iya samun asbestos cikin lainin birki, wanda ke jawo ciwon daji a huhu bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Don haka in an cire duram, wato gangar ƙarfen da wasu motoci ke da ita a madadin faifai, kada a hura ƙurar da baki ko da injin iska. A jiƙa ta, a goge, a sa takunkumi.

Faifai da duram sa'o'in juna ne. A 1902 Frederick Lanchester ya yi wa birkin faifai rajista a Ingila, a shekarar ce kuma Louis Renault ya fito da nasa birkin duram a Faransa. Duram ya yi sarauta kusan shekara 50, har sai da Jaguar ta ci tseren Le Mans na 1953 da faifan Dunlop, sannan Citroën DS ta shigo da shi kasuwa a 1955. Yanzu ga duram yana dawowa ta bayan gida: motocin lantarki na Volkswagen, ID.3 da ID.4, shi suke amfani da shi a baya. Injin lantarkin ne ke rage musu gudu, birki ba ya samun aiki, faifan da ba a gogawa kuwa tsatsa yake yi.

Lainin birki na farko aikin baduku ne. A 1888 Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, fiye da kilomita 100. Da katakon birkin ya cinye, sai ta sa mai gyaran takalmi ya buga masa fata.

Kifi ma ya shigo maganar. A 2010 jihohin Kalifoniya da Washinton a Amurka suka yi dokar rage jan ƙarfe a cikin fad, domin ruwan sama na wanke ƙurarsa zuwa koguna, tana lalata wa kifin salmon jin ƙamshin da yake kauce wa maƙiyi da shi.

To, inda nake ganin gwanintar mai fenti take shi ne sanin inda ba a shafawa. Fuskar faifai da fad ke goga ba a taɓa ta, haka fad ɗin kansa, haka cikin duram. Robar fistin, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, tiyon mai, da ɗan notin fitar da iska, duk a rufe su da tef da takarda. Sai wanda aka fi mantawa: fuskar duram inda wili ke zama. Wurin fili ne, hannu na son ya bi ta kansa. Amma fenti mai kauri a nan yana laushi in ya ji zafi, ya lotse, notin tayar da aka ɗaure tam ya saki a kan hanya. Gefen duram da ke fuskantar waje kaɗai ake yi wa ado. Haka kuma kada a bar kalifa yana reto a jikin tiyonsa, a rataye shi da waya. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Motocin Kwatano da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara sukan iso da kalifa mai tsatsa, saboda gishirin da ake barbaɗawa a titunansu lokacin sanyi. Nan ne fenti ke biyan kuɗin sabulu, don yana tsare ƙarfe. Sai dai a kan tsatsa da maiƙo ba ya kamawa. Kankarewa da gogewa su ne mafi yawan aikin, shafawar 'yar kaɗan ce. A lokacin hunturu kuwa ƙura na manne wa ɗanyen fenti, gara a yi a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, a yayyafa wa ƙasa ruwa.

Jan murfin roba da ake mannawa a kan kalifa don ya yi kama da na tsada, ni ban yarda da shi ba. Yana tare iskar da ke sanyaya birki, yana kuma iya ɓallewa ya maƙale cikin wili.

Mai karatu, in ka gama, ka ba fentin kwana guda ya bushe. Bayan ka mayar da taya, kafin ka sa giya, ka tattaka birki har ka ji ya yi tauri a ƙafarka, domin in an tura fistin baya, takun farko iska yake kamawa. Ka gwada motar a hankali a layinku, sannan ka sake duba notin taya bayan tafiyar farko.