Ungulu da Goggon Biri: Mataki Ɗaya, Dalili Daban

A kundin Ƙungiyar Kare Muhalli ta Duniya, IUCN, ungulun da muka saba gani a mahauta tana mataki ɗaya da goggon birin Kuros Riba. Su biyun suna rukunin halittun da ke dab da ƙarewa, wanda daga shi sai ɓacewa daga daji.

Masana sun raba musu gida tun daga tushe. Ungulu tsuntsuwa ce daga dangin shaho da shirwa da mikiya. Sunanta na kimiyya Necrosyrtes monachus, kuma jinsi ce mai zaman kanta. Shi kuwa goggon birin, Gorilla gorilla diehli, mai shayarwa ne daga manyan birai marasa wutsiya, kuma reshe ne kawai na goggon birin yammacin Afirka.

To, me ya haɗa su? Shi goggon biri ƙarancinsa ne ya kai shi can. Waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba, a warwatse cikin dazuzzukan tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo a Najeriya, da Takamanda a Kamaru. Farauta da saran daji sun datse hanyoyin da ke tsakanin garkunansu, ga shi macen takan yi shekara huɗu kafin ta sake haihuwa.

Ita ungulu har yanzu dubbai ce, daga Senegal har Habasha. Sai dai IUCN ba yawa kaɗai take dubawa ba, tana auna saurin raguwa. Jinsin da ya yi asarar kashi 80 cikin 100 a tsawon zuriya uku ya shiga wannan rukuni, komai yawansa. Kafin 2011 ungulu tana cikin waɗanda ba a damu da su ba. A 2015 ta kai matakin da take yanzu. Gubar da ake sa wa mushe tana kashe su da yawa a lokaci guda, ana kuma cinikin kawunansu a kasuwa don tsibbu. Ƙwai ɗaya tak take sakawa, don haka giɓin ba ya cikewa da wuri.

Goggon biri yana da gandun daji da masu gadi. Ungulu a cikin gari take zaune, kuma babu shingen da zai tsare ta. Kariyarta tana hannun mahauta da makiyaya da sarakunan kasuwa.